Ajin da ke Gindin Gawo

A Turai, in za a fita da 'yan firamare karatun waje, sai an tanadi mota da tanti da jagora, a nufi kurmi ko bakin tafki. Ƙasar Denmak ta fara makarantun yara na cikin daji tun wajajen 1950, ƙungiyar Sikawut kuwa daga zangon da Baden-Powell ya yi da yara a Ingila a 1907 ta samo asali. To, wanda ya ɗauko wannan tsari ya kawo shi Kunci ko Makoɗa ko Ɗambatta, ina zai sami dajin? Gona ce jingine da gona, sai burtali da 'yan layukan gamba da lalle a kan iyaka. Dajin Falgore yana can kudancin jihar Kano, kuma kuɗin motar zuwa gidan zu na Audu Bako a birni ya fi ƙarfin yawancin makarantun ƙauye.

Ni a ganina ba a yi asarar komai ba. Wannan ƙasar noma ita ce Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya soma nazari tun shekarun 1960, yana bin diddigin yadda ake noma ta kowace shekara ba hutu, ga yawan jama'a, amma itatuwa ba su ƙare ba. Abin da masana suka yi tattaki don su gani, yaro ɗan aji huɗu yana ratsa shi kullum da safe, sai ya shiga aji a zana masa itacen tuffa a allo.

A ɗauki gawo kawai. Kowane yaro mai kiwon awaki ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, kuma geron gindinsa ya fi na tsakiyar gona ƙiba. Dalilin ne bai sani ba. Saiwar gawo tana nitsawa ƙasa sosai ta sha ruwan da gero ba ya kaiwa, tana kuma ɗauke da ƙwayoyin halitta masu mayar da sinadarin iska taki. Ganyen da ya zuba ya ruɓe, dabbobin da suka zo cin 'ya'yansa suka bar kashi, ga shi ba ya tare wa shuka rana. Malami ya sa yara su cire zangarniya ɗaya daga gindinsa, ɗaya daga nesa, da izinin mai gona, su auna da igiya. Sannan su kafa kara mai tsawon mita ɗaya, su auna inuwarsa da ta bishiyar a lokaci guda, su fitar da tsayin gawon ba tare da kowa ya hau ba. Lissafi da kimiyya ke nan kafin tara, ba a kashe ko sisi ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Dogon hutu yakan cinye tsakiyar damina, zafin Maris da Afrilu kuwa ba na fita da yara ba ne. Kaka da hunturu su ne dama. In za a kai su Dam ɗin Tomas ko na Watari a Bagwai su ga noman rani, to a tsaya a kan tudu, domin ruwan kwance yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, ga haɗarin nitsewa.

Babban abin tsoro shi ne fitar ta rikiɗe ta zama aikin gayya. Iyaye da yawa sun tuna yadda darasin noma yake komawa roron gyaɗa a gonar wani malami, shi ya sa in aka ce za a fita sai uba ya ce gara yaron ya bi shi tasa gonar. Sai an zauna da kwamitin iyaye da mai unguwa an nuna musu abin da yara za su rubuto a littafi, an kuma sa malama cikin tafiyar, in ba haka ba 'yan mata a gida za a bar su.