Gansakuka a Tafkin Kifi: Yadda Za Ka Rage Ta Ba Tare da Ka Kashe Kifinka Ba

Wata rana a tsakiyar marka, wani manomi ya kira ni tun kafin a fito daga sallar asuba, hankalinsa a tashe. Karfasarsa duk ta taso saman ruwa tana buɗe baki, wasu har sun juya ciki sama. Ya rantse wani ne ya zuba masa guba. Da na isa na ga ruwan kore shar kamar miyar kuka, sai na ce masa, "Malam, ba wanda ya cuce ka. Gansakuka ce ta shanye iskar ruwan cikin dare."

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan gansakuka ta yi yawa a tafkinka, akwai abin da ke ciyar da ita, kuma sau da yawa daga hannunka yake fitowa.

Ba kowace gansakuka ce matsala ba

Iri uku za ka fi gani. Ta farko ita ce ƙanana waɗanda ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, sai dai su mai da ruwa kore. Wannan idan ba ta wuce kima ba alheri ce: karfasa na cinta, tana kuma ba ruwa iskar oksijin da rana.

Ta biyu mai zare-zare ce kamar gashi, tana farawa daga ƙasan tafki ko gefe inda ruwa ba zurfi, sannan ta taso ta yi tabarma. Tana sarƙe ƙananan kifi har su mutu, tana kuma cika koma ranar kamu.

Ta uku ita ce mai haɗari. Za ka ga kamar an zuba koren fenti a saman ruwa, iska ta tara shi gefe guda, ga wari. Wasu daga cikin irin wannan na fitar da guba, suna kuma sa naman kifi warin taɓo, mai saye ya ɗanɗana sau ɗaya bai sake dawowa ba. Kada ka bar awaki, shanu ko yara su sha irin wannan ruwa.

Me ya sa kifi ke mutuwa da asuba?

Gansakuka kamar shuka take. Da rana tana amfani da hasken rana ta fitar da oksijin. Da dare kuwa ta daina fitarwa, sai ta koma shaƙa tare da kifi. Idan ta yi kauri, kafin gari ya waye iskar ta kusa ƙarewa. Abin ya fi muni idan an jera kwanaki ana hadari a watan Agusta, ko hazo ya rufe rana, domin iskar da aka tara da rana ba ta kai ta raba dare ba. A bazara ma akwai haɗari, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi.

Mai tarwaɗa zai ce, "Ai tawa tana shan iska a sama." Gaskiya ne, tana da juriya fiye da karfasa. Amma ruwan da ya lalace yana rage mata ci, ya rage girma, ya buɗe ƙofar cuta. Ga kuma amoniya da ke fitowa daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci, wadda gubarta ke ƙaruwa da la'asar a ruwan da gansakuka ta yi wa yawa.

Gwajin hannu

Ba sai ka sayi na'ura ba. Da hantsi, tsoma hannunka cikin ruwan, ka lanƙwasa tafin yana kallon sama, kana nutsar da shi a hankali.

- Idan tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, wato wajen santimita 30 zuwa 40, ruwanka lafiya lau.
- Idan ya ɓace tun bai kai santimita 20 ba, koren ya yi yawa, ka ɗauki mataki yau.
- Idan kana ganin tafin sarai har ka wuce gwiwar hannu, ruwan ya yi garau. A tafkin ƙasa haske zai kai har ƙasa, mai zare-zare ta samu wurin tsirowa.

Ka lura da launi. Ruwan da ya yi ja ko ruwan ƙasa saboda laka wata matsala ce daban. Ka riƙa yin gwajin nan sau biyu a mako.

Tushen matsalar: abinci da taki

Gansakuka na rayuwa ne da haske da sinadaran nan biyu da ke cikin takin zamani, naitirojin da fosforas. Abincin kifi cike yake da su, kuma abin da kifi ke riƙewa a jikinsa bai kai rabi ba. Sauran yana komawa ruwa. Ke nan duk mudun abincin da ka watsa ya wuce buƙata, kuɗinka ka saya wa gansakuka taki.

Saboda haka ka ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15, ka tsaya kana kallo. Da ka ga sun rage rububi, ka dakata. Ranar da ake hadari, ko safiyar hunturu mai sanyi, ka rage. Masu jefa ɗanyun kayan cikin kaji ko mushe su sani cewa ba abin da ya fi wannan saurin ɓata ruwa. Idan kana zuba kashin kaji don ruwa ya yi kore, ka tsaya da zarar gwajin hannu ya nuna ya isa. Ka kuma ɗaga gefen tafkin ƙasa, kada ruwan sama ya kwaso yuriya daga gona ya zuba maka.

Cunkoso ma haka. Kifi da yawa a ƙaramin kwami, abinci da yawa ke nan, kashi da yawa.

Matakan rage ta

1. Canjin ruwa. Zubar da kashi ɗaya cikin uku, ka jawo daga ƙasa inda dattin ke kwanciya, ka cike da sabo. Ruwan burtsatse ba shi da iska sosai, don haka ka bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Wanda ka zubar kuma kada ya tafi a banza, juya shi lambun alayyahu ko tumatir, taki ne.
2. Inuwa. A kwamin siminti ko na tamfol, rufe kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi da zana ko raga. Kada ka dogara da inuwar bishiya mai zubar da ganye, ganyen zai ruɓe a ciki.
3. Kwashewa da hannu. Mai zare-zare a ja ta da manjagara ko a naɗe ta a jikin gora. Mai kama da fenti a yaye ta da raga mai ƙananan idanu a gefen da iska ta tara ta. A kai nesa da bakin tafki.
4. Tsirran ruwa. Kainuwa na shan takin da gansakuka ke nema, tana kuma tare haske. Amma ka killace ta cikin firam na gora ko bututun roba, kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na saman ruwa, kana rage ta duk mako. Ka kiyaye kawo ciyawar da ba za ka iya mallaka ba. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun san abin da kacalla ta yi wa hanyoyin ruwansu.
5. Bayan kamu. Tsane tafkin ƙasa, ka kwashe baƙin taɓo, ka bar ƙasan ya bushe har ya tsage kafin sabon zubi. Kwamin siminti a goge shi da buroshi da ruwa zalla, ban da sabulu.

Kuskuren da ya fi tsada

Shi ne neman maganin da zai kashe ta dare ɗaya. Gansakuka idan ta mutu gaba ɗaya ruɓewa take yi, ruɓewar kuma na cinye sauran iskar ruwan. Sai ka wayi gari ba kore, ba kifi. Magungunan da ke ɗauke da sinadarin tagulla kan kashe kifin kansa idan aka kuskure awo, musamman a ruwa mai ƙarancin ma'adinai. Maganin ciyawa na gona kuwa kada ma ya kusanci tafki. Gishiri yana da amfaninsa, amma ba ya cire tushen wannan matsala.

Wani lokaci ita da kanta take mutuwa. Idan ruwan da yake kore jiya ya koma ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi yau, ga wari, to alama ce ta gaggawa.

Idan ka tarar da kifi na haki a sama

Tsayar da abinci nan take, kwana ɗaya ko biyu ba zai cutar da su ba. Tada injin ban ruwa, ka ja ruwan tafkin ka feso shi sama ya dawo ciki. Ƙara sabon ruwa in akwai, ka kwashe waɗanda suka mutu. Dare biyu ko uku masu zuwa ka leƙa tafkin kafin asuba.

Ga ƙungiyoyi, shawarata ku ware inji guda da ɗan man fetur don irin wannan rana, kowa ya san a gidan wa yake kwana. Kowane memba kuma ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abincin da ya bayar da sakamakon gwajin hannu. Manomin nan da ya kira ni, da muka zauna lissafi, sai muka gano yaron da ke ba da abinci ya ƙara mudu tun makonni baya don kifi ya yi saurin girma. Da akwai littafi, da an gani tun kafin a yi asara.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.