Addini ne ko al'ada? Gardamar masana da abin da ya shafi mutanen bakin ruwan Kainji

A takardun asibiti da na neman aiki akwai gurbin da ake tambayar addinin mutum, kuma amsa biyu aka saba gani: Musulunci ko Kiristanci. Amma a ƙasar Yauri, daga Shanga har Ngaski, akwai abubuwan da kakannin Gungawa da Shangawa da Kambari da Dukawa suka daɗe a kansu kafin yawancin jikokinsu su karɓi ɗaya daga cikin addinan nan biyu. Akwai yanka a gindin dutse ko itace, akwai roƙon kakanni, akwai wuraren da ba kowa ke kusantarsu ba, akwai kuma Magiro, dodon da Kambari da Dukawa da maƙwabtansu ke ɓoye wa mata da yara sirrinsa. Wani zai ce wannan addinin gargajiya ne, wani ya ce al'ada ce, wani ya ce tsafi ne kawai. Masana sun fi shekara 150 suna ja-in-ja a kan irin wannan, kuma sunan da aka zaɓa yakan jawo wa mutane riba ko asara.

Gardamar ba ta wane addini ne na gaskiya ba ce, wannan magana ce ta imani. Abin da masana ke nema shi ne ma'aunin da za a ɗora abu a kai a ce wannan addini ne, wancan ba addini ba ne.

A 1871 wani Baturen Ingila, Edward Tylor, ya ce duk inda aka yarda da ruhohi ko halittun ɓoye, to akwai addini. Da wannan ma'auni Magiro da bori duk sun shiga. Sai dai Tylor ya jera addinai hawa-hawa, ya ajiye na Afirka a ƙasa a matsayin na mutanen da ba su waye ba. A 1912 Bafaranshe Emile Durkheim ya ƙi yarda. Ya ce akwai mabiya Buddha da ba su dogara da wani mahalicci ba, kuma ba mai cewa ba su da addini. A ganinsa abin lura shi ne yadda jama'a ke ware wasu abubuwa su girmama su, su kafa musu hani, su taru a kansu su zama al'umma ɗaya. Wannan ya fi dacewa da kurmin da ba a sare itacensa ko dutsen da ake yi wa yanka. Matsalarsa ita ce ya yi faɗi da yawa, har tutar ƙasa ma tana iya shiga.

Daga baya wasu suka juya kan tambayar ita kanta. Wilfred Cantwell Smith, wanda ya koyar a Lahore kuma ya yi zurfi a nazarin Musulunci, ya rubuta a 1962 cewa ɗaukar addini a matsayin wani tsari mai iyaka, da sunansa da jerin aƙidunsa, sabon abu ne da ya girma a Turai. Talal Asad ya ƙara a 1993 cewa ma'anar da ke mayar da addini abin da ke cikin zuciya kaɗai, a raba shi da shari'a da mulki da kasuwa, ta fito ne daga tarihin Kiristancin Turai. Musulmin da ya san rabon gado da zakka da hukuncin ciniki duk suna cikin addininsa zai gane inda Asad ya dosa ba tare da dogon bayani ba.

Mu ma malamanmu sun yi tasu gardamar tun kafin a haifi Tylor, kuma tasu ta fi zafi domin yaƙi da zaman lafiya ne a ƙarshenta. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kasa mutanen ƙasar nan gida uku: Musulmi na haƙiƙa, da masu gauraya ayyukan Musulunci da na kafirci, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. A kan rukuni na tsakiya aka yi ta fama. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana cewa yanka ga wasu wurare da makamantansa jahilci ne da saɓo, ana samunsu har a manyan ƙasashen Musulmi, kuma maganinsu karantarwa ce. Muhammadu Bello ya mayar da martani cewa wanda ya yi yanka ga dutse ko itace ya yi bauta ga wanin Allah, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisur na 1812. Idan aka lura, tambayar da ke tsakaninsu ita ce tamu ta yau: a ina al'ada ta tsaya, a ina bauta ta fara? Yauri kanta ta shiga ƙarƙashin Gwandu a wancan zamani, sarakunanta Musulmi, talakawanta da yawa suna kan gargajiyarsu.

Fiƙihu yana da hanyar ba wa irin waɗannan mutane matsayi. Masana tarihi da dama na ganin sunan Maguzawa ya samo asali ne daga Majusawan Farisa, waɗanda aka karɓi jiziya a hannunsu aka bar su da addininsu. Haka aka yi wa Hindu bayan Muhammad bin Ƙasim ya ci ƙasar Sindh wajen shekara ta 712. Kuma Suratul Kafirun ta kira abin da Ƙuraishawa ke kai da sunan addini, wato kiran abu addini ba ya nufin an gaskata shi.

Da Turawan mulkin mallaka suka zo sai suka zuba kowa a buhu ɗaya, duk wanda ba Musulmi ba ne ko Kirista suka rubuta shi arne. Da irin wannan ido jami'ansu suka rubuta bayanan ƙabilun yankin, ciki har da P. G. Harris wanda ya wallafa bayaninsa a kan Yauri a 1930. Masanan da suka biyo baya sun so su wanke wannan raini. Geoffrey Parrinder a Ibadan ya fitar da littafi a 1954 wanda ya yaɗa sunan addinin gargajiya na Afirka, sai Bolaji Idowu a 1962 da John Mbiti ɗan Kenya a 1969 suka nuna cewa 'yan Afirka sun san Ubangiji Maɗaukaki tun kafin zuwan mishan. Okot p'Bitek ɗan Yuganda ya soke su cewa sun ɗinka wa gargajiya rigar Kiristanci ne don Turawa su girmama ta. Ina ganin yana da hujja. Abin da Bakambare ke yi a Ngaski da abin da Bayarabe ke yi a Ife ba su da shugaba ɗaya ko littafi ɗaya, kuma ba su taɓa ɗaukar kansu 'yan addini ɗaya ba.

Madatsar ruwa ta Kainji ta fito da maganar fili. Da aka kammala ta a 1968 tafkin ya shanye gungu da ƙauyuka masu yawa, har da tsohon garin Bussa, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni. Masallaci ko coci ana iya gina wani a sabon gari, domin alƙibla da littafi suna tafiya tare da mutum. Bautar da ke ɗaure da wani dutse a tsakiyar kogin Kwara ko da kabarin kaka ba ta ƙaura. Frank Salamone, Ba'amurken da ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya lura cewa Bagungen da ya musulunta yakan sauya harshe da sutura da abokan hulɗa, a hankali ya koma Bayauri ko Bahaushe, kuma tashin da madatsar ta jawo ya ƙara wa sauyin sauri. Shangawa ma, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Kyangawa da Busawa ne, da yawansu Hausa suke yi yanzu. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna a littafinsa na 1978 yadda harshe da fatauci da Musulunci suka tafi tare wajen yaɗa Hausanci. To mutumin da ya yi wannan sauyi, addini ya canza ko ƙabila? A Yauri ba a iya yanke ɗaya a bar ɗaya, kuma ma'aunin da ya ce addini abin zuciya ne kaɗai ba zai ga rabin abin da ya faru ba.

Ba nan kaɗai ba ne. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda gwamnati ta yi hanya ta cikin wani daji a Kalifoniya wanda ƙabilun Yurok da Karuk da Tolowa ke ibada a cikinsa, bisa hujjar cewa ba a tilasta wa kowa barin imaninsa ba. Dokar ta kare abin da ke cikin zuciya, ba ta kare wurin ba.

Batun Hindu ya fi ba mutane mamaki, musamman mu da muka tashi da fina-finan Indiya muna ganin kamar addini ɗaya ne dunƙule. Ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da kowa ke bi, ba shi da kalmar shiga. Wasu suna bauta wa Vishnu, wasu Shiva, wasu suna cewa abin bauta ɗaya ne sunayensa ne da yawa. Farisawa ne suka fara kiran mutanen bakin kogin Sindhu da sunan Hindu, kuma al-Biruni ya yi bayanin aƙidunsu da Larabci wajen 1030. Wasu masana sun ce Turawan Ingila ne suka haɗa ɗaruruwan hanyoyi suka mayar da su addini ɗaya, musamman ta hanyar ƙidayar jama'a da suka fara a 1871 zuwa 1872. David Lorenzen ya musanta haka a 1999, ya nuna cewa mawaƙan Indiya na ƙarni na 15 da na 16 sun riga sun bambanta Hindu da Musulmi. Kotun Ƙolin Indiya kuwa, a 1966 da kuma 1995, ta siffanta Hindu da cewa hanyar rayuwa ce, maganar da 'yan siyasa suka yi ta amfani da ita. Ƙidayar 2011 ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na Indiyawa Hindu ne, amma akwai ƙabilun asali masu bauta a kurmi da ke cewa kada a lissafa su a ciki. A 2020 majalisar jihar Jharkhand ta nemi a ba addininsu na Sarna gurbinsa daban a takardar ƙidaya.

A Nijeriya ƙidayar 1963 ta sa kusan kashi 18 cikin 100 na jama'a a gurbin "sauran", ta 1991 da ta 2006 kuwa ba su tambayi addini ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini ba tare da faɗin mene ne addini ba, kuma a sashen ne aka hana shiga ƙungiyar asiri. Dokar hukunta laifuka ta Arewa ma tana da babi a kan maita da tsafi. Abu irin Magiro, wanda sirri ne ƙashin bayansa, yana iya faɗawa ko dai cikin abin da doka ta kare ko cikin wanda ta hana, ya danganta da sunan da alƙali ya ba shi. Jamhuriyar Benin ta zaɓi nata tun 1996, ta amince da Vodun a matsayin addini, ana bikinsa a watan Janairu.

A Kebbi an fi bin ɗaya hanyar. Uhola, bikin godiyar kaka na mutanen Zuru, yau ana gabatar da shi ne a matsayin bikin al'ada da nunin amfanin gona. Da wannan suna Musulmi da Kirista ke halarta ba tare da an zarge su ba, gwamnati ma ta sa hannu. Abin da ke fitowa fili shi ne rawa da kokawa da kayan ado. Yanka da roƙon kakanni, inda har yanzu ake yin su, ba a sa su cikin jerin shirye-shiryen da ake raba wa baƙi.