"Got" ko "ji-o-ti"? Rigimar gajarta sunan fim mai dogon zango

Ka saba rubuta GoT a waya, amma ranar da za ka faɗe shi a majalisa sai bakinka ya tsaya cak? Ba kai kaɗai ba ne. Masoya Game of Thrones, wanda HBO ta fara haskawa a 2011, sun rabu biyu: wasu na cewa "got" a dunƙule, wasu na bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, "ji-o-ti".

Yawanci a wajen rubutu ake haifar waɗannan sunaye. Kafin 2017 haruffa 140 kacal Twitter ke ba ka, wa zai ƙarar da su kan How I Met Your Mother? Sai aka koma HIMYM, masu son furtawa suka ce "him-yim", ya zauna.

Wasali ne ke ceto. YRKKH, wato Yeh Rishta Kya Kehlata Hai na Indiya da ake haskawa tun 2009, ba ya da wasali ko ɗaya. Gwada furta shi ka ji yadda harshenka zai harɗe.

A gida kuma, Labarina bai bar abin yankewa ba. Kwana Casa'in ne ake rubutawa "Kwana 90", amma in za a faɗa, casa'in ɗin ke dawowa baki.