Dabbar Tekun da Yunwa Ke Kashewa a Ruwa Mai Tsabta

A shagunan kifin ado na Turai da Amurka akwai wata dabba mai ɓawo biyu da ke tsayar da mai wucewa. Bakinta a buɗe, cikinsa ja wur, ga siraran gashi masu taushi sun fito ta kowane gefe suna kaɗawa da motsin ruwa. Sikalof mai harshen wuta ake ce mata, masana kuma suna kiranta Ctenoides scaber. Daga tekun Karebiyan ake kamo ta, kuma tana da araha, shi ya sa sabon shiga kiwon murjani a gida kan yi saurin ɗaukarta. Mafi yawan waɗannan dabbobi ba sa cika shekara a tankin gilashi.

A wajen masana ba ta cikin dangin sikalof na ainihi, wato Pectinidae. 'Yar dangin Limidae ce. Tana da 'yar'uwa a tekun Indiya da Fasifik, Ctenoides ales, wadda leɓenta ke walƙiya. An daɗe ana zaton ita ke samar da hasken, sai a 2014 Lindsey Dougherty ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta nuna cewa ƙananan ƙwayoyin silika ne a gefen leɓen suke mayar da hasken da ya faɗo musu, dabbar kuma tana naɗe leɓen tana warware shi da sauri.

Matsalar sikalof mai harshen wuta a tanki tana wajen abinci. Manyan dabbobin nan masu ɓawo na jinsin Tridacna suna ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin namansu, waɗanda ke haɗa musu abinci daga haske, don haka fitila mai ƙarfi tana ɗauke wa mai kiwo babban nauyi. Sikalof mai harshen wuta ba ta da wannan gata. Jan launinta daga sinadarin karotin yake, dangin wanda ke cikin karas, ba shi da alaƙa da cin haske. Hasali ma gudun fitila take yi. Ta kan tafa ɓawonta ta yi iyo, ta shige cikin kogon dutse, ta ɗaure kanta da wasu zarurruka da jikinta ke fitarwa.

Duk abin da za ta ci sai ta tace shi daga ruwa. Sassan numfashinta suna da gashi ƙanana da ke jawo ruwa ciki, majina ta kama abin da ya zo, sannan a bakin a tankaɗe shi yadda mace ke tankaɗe gari da rariya: mai laushi ya wuce ciki, tsakin a dunƙule shi a tofar. Abin da ke wucewa ƙanƙane ne ƙwarai. Tsiron ruwa na Nannochloropsis bai wuce maikuron 2 zuwa 4 ba, Isochrysis wajen 5, Tetraselmis wajen 10, alhali kaurin gashin mutum ya kai kimanin 70. Wanda ya murƙushe abincin kifi ya zuba mata bai ciyar da ita ba. Ya ƙara mata aikin tofarwa ne, kuma aikin yana cin ƙarfinta.

Shi kuwa tankin murjani an tsara shi ne don ruwa ya zama garau. Na'urar kumfa tana kwashe datti, auduga tana tacewa, wasu ma har fitilar kashe ƙwayoyin cuta suke sakawa. Abin da waɗannan na'urori ke kwashewa shi ne abincin dabbar. In aka yawaita zuba abinci, naitiret da fosfet su hau, gansakuka ta rufe duwatsu, murjani ya wahala. In aka rage, ta rame. Ramar ba ta nunawa da wuri, ɓawo yana ɓoye ta. Sai bayan watanni a ga gashin ya gajarce, jan ya koɗe, an taɓa ta ba ta rufe baki da sauri ba. A lokacin aikin gama ya riga ya gama.

Waɗanda suka dace da ita sun bi hanya mai wahala. Tankinsu ya daɗe da kafuwa, suna zuba tsiron ruwa mai rai kullum, a sashen da ruwa ke gangarowa zuwa gare ta, suna kashe na'urar kumfa na ɗan lokaci don abincin ya zauna. Gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26, kuma ba a kusantar da maganin kifi mai jan ƙarfe, domin guba ne gare ta. Ba a haɗa ta da talibambam na teku ko manyan ƙaguwa. In ta zaɓi lungu, a bar ta a can. Fizgo ta don baƙi su gani yana tsinka zarenta, ta sake kashe ƙarfi wajen yin wani.

Daga teku ake ɗebo waɗannan dabbobi, kuma duk wadda ta mutu a falo, mai shago zai aika a kamo wata. Wanda ba zai iya tanadar tsiron ruwa yana ciyarwa kowace rana ba, don Allah ya bar ta a shago.