Gayyar kwamfuta da zafin bazara: yadda ƙungiya za ta yi aiki ba tare da ta ƙona jarinta ba

Kowa a cikinmu ya san gayya. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya kira ƴan uwa da maƙwabta, kowa ya zo da hauyarsa, kafin rana ta take an gama noman da zai ɗauki mutum ɗaya mako guda. To, masana kimiyya na Amurka da Turai su ma sun daɗe suna kiran gayya, sai dai tasu ta kwamfuta ce. Idan suna da lissafin da ya fi ƙarfin na'urorin jami'arsu, sai su yanyanka shi ƙanana-ƙanana, su aika wa duk wanda ya yarda ta hanyar intanet, kwamfutarsa ta gida ta yi lissafin a lokacin da ba ya amfani da ita, sannan ta mayar musu da amsa. Ba a biyan kowa ko dala. Abin da ake samu shi ne maki, kuma masu aikin sukan haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, ana tara makinsu wuri guda, ana jera sunayen ƙungiyoyin daga ta ɗaya har ta ƙarshe.

Tun da kwamfuta ta shiga shaguna da gidajenmu, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Gaya zuwa Kamba, ba abin mamaki ba ne matasanmu masu gyaran salula da masu sayar da kwamfutocin kwatano su yi sha'awar kafa tasu ƙungiyar. Muna ganin abu ne mai kyau. Amma akwai abokin gaba guda da ya kamata a san da shi tun kafin a fara, wato zafi, domin shi ne yake iya mayar da aikin taimako ya zama asarar jari.

Daga ina gayyar ta faro?

A shekarar 1996 wani Ba'amurke mai suna George Woltman ya buɗe shirin GIMPS, na neman manya-manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. A watan Oktoba na 2024 shirin ya gano wata mai alƙaluma fiye da miliyan 41. A watan Mayu na 1999 jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ta fito da SETI@home, wanda ya riƙa tace sautukan rediyo daga sararin samaniya ko za a ji alamar wasu halittu masu hankali. Mutane fiye da miliyan 5 suka shiga, kafin a daina raba aikinsa a watan Maris na 2020. Daga wannan jami'a ce kuma manhajar BOINC ta fito a 2002, wadda ta ba kowace cibiyar bincike damar kiran tata gayyar.

A watan Oktoba na 2000 Farfesa Vijay Pande na jami'ar Istanfod ya fara Folding@home, don nazarin yadda sinadaran furotin na jikin ɗan Adam suke naɗewa, abin da yake da alaƙa da cututtuka irin su kansa da ciwon mantuwa. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, jama'a suka yi tururuwar shiga, har ƙarfin gayyar ya wuce lissafi biliyan sau biliyan a cikin daƙiƙa guda, wanda babu wata babbar kwamfuta guda da ta kai shi a duniya a wancan lokaci.

Wasu daga cikin ayyukan sun shafe mu kai tsaye. Daga 2006 zuwa 2016 cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan ta gudanar da shirin Malariacontrol.net, inda kwamfutocin ƴan sa kai suka yi ta kwatanta yadda zazzaɓin cizon sauro yake yaɗuwa, da irin tasirin da gidan sauro, magani ko allurar rigakafi za su yi. Shirin World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa a 2004, ya ɗauki aikin neman maganin Ebola a 2014, sannan a 2019 ya ɗauki aikin jami'ar Delft ta ƙasar Holan kan hasashen ruwan sama a Afirka kudu da Sahara. Ciwon da ke kwantar da ƴaƴanmu da ruwan da ke cika rumbunanmu ke nan.

Inda zafin yake fitowa

Kwamfutar da ake rubuta wasiƙa ko lissafin kaya da ita, yawancin lokaci hutawa take yi. Amma da zarar an sa mata aikin gayya, ƙwaƙwalwarta takan tashi aiki ɗari bisa ɗari, dare da rana, babu tsayawa. Kuma duk wutar lantarkin da ta sha, kusan dukkanta zafi take komawa. Kwamfutar tebur mai babban katin hoto tana iya jan wat 300, kamar dai an kunna ƙaramin rishon lantarki a cikin shago an bar shi.

Fankar da ke cikin na'ura ba ta ƙera sanyi. Iskar ɗaki take jawowa ta bi ta kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ta kwashi zafin ta fitar. Saboda haka zafin ƙwaƙwalwar yana hawa ne a kan zafin ɗakin. A ɗauki misali: idan aiki yana ƙara mata digiri 50, a ɗakin Bature mai digiri 20 za ta tsaya a 70, lafiya lau. Ita wannan na'urar, a shagon kwano na Ɗan Isa a watan Afrilu, inda zafi ke kaiwa 42, za ta tashi zuwa 92. Galibin ƙwaƙwalen zamani kuwa an yi su ne su rage gudu da kansu idan suka kusa 95 zuwa 100, in abin ya faskara su kashe na'urar. Kamfanoni da dama sukan rubuta cewa a yi amfani da kwamfutocinsu na hannu a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a bazara mukan wuce haka tun da hantsi.

Wannan ne ya sa shawarar ƴan ƙungiyoyin Kanada ko Jamus ba ta yi mana daidai kai tsaye. Su a lokacin sanyi zafin kwamfuta riba ne a gare su, yana ɗumama musu ɗaki. Mu kuwa ƙari ne a kan wanda muke fama da shi, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen nan har ta zama kamar bargo.

Gasar maki ita ce tarkon

Abin da ke lalata na'urori a cikin ƙungiya shi ne son a ga suna ya hau sama. Wani zai ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutarsa gudu fiye da yadda aka ƙera ta, wani ya ƙi kashe tasa ko da tsakar rana, don kada ƙungiyar wani gari ta wuce su. Alhali na'urar da aka matsa mata ta yi zafi tana iya yin kuskuren lissafi. Da yawa daga cikin shirye-shiryen BOINC sukan aika aiki guda ga kwamfutoci biyu ko fiye, su gwada amsoshin, wadda ba ta dace ba a watsar da ita, ba ko maki ɗaya. An sha wuta, an gajiyar da na'ura, an tashi a tutar babu.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Zafi mai ɗorewa yana cinye fanka, yana busar da man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen shan zafi, yana kuma tsufar da batir. Batirin kwamfutar hannu ko na salula idan ya kumbura, haɗarin gobara ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin wuta a kasuwa ya san ba ta tambayar rumfar wane ce.

Abin da mai na'ura zai yi

Da farko a auna. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su Core Temp da HWMonitor da ke nuna zafin ƙwaƙwalwa a kan allo. Shawararmu ita ce, ga aikin da zai ɗauki awoyi, a yi ƙoƙari ya tsaya ƙasa da digiri 80.

Na biyu, a rage kaya. BOINC tana da wurin da mutum zai ce kashi nawa na ƙwaƙwalwa za a yi amfani da shi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa za a yi aiki, da kuma umarnin a tsaya idan na'ura ta koma kan batir. A sa rabi, a dubi zafin, in da hali a ƙara kaɗan. Katin hoto ma ana iya rage masa iyakar wutar da yake ja, kuma sau da yawa zafin da ake ragewa ya fi makin da ake rasawa.

Na uku, a ba iska hanya. A ɗaga kwamfutar tebur daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango da kamar taƙi guda ko fiye, kada a cusa ta cikin kabad. Kyallen da mukan lulluɓe kaya da shi saboda ƙura, a cire shi muddin na'ura na kunne. Kwamfutar hannu kuwa ta ƙasa da gefe take numfashi, kada a ɗora ta a kan katifa, darduma ko ɗaurin atamfa. A sa ta a kan tebur, a ɗan tokare bayanta ya ɗaga.

Na huɗu, a yi shara. A kashe na'ura, a zare waya daga bango, a buɗe ta a hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. A lokacin hunturu wannan aikin kowane wata ne. Tsohuwar kwamfutar kwatano kuma a kai wa mai gyara ya sake mata man shan zafi kafin a ɗora mata aiki. Ban da ƙanƙara, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sa ta a bakin na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, domin laima da lantarki ba sa ga maciji.

Rabon aiki a cikin ƙungiya

A nan ne amfanin haɗin kai yake. Madugu ba ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, haka ma shugaban ƙungiya ya kamata ya san ƙarfin na'urar kowa da irin ɗakin da take ciki. Mai ɗakin ƙasa ko na siminti mai sanyi ya ɗauki kaya mai nauyi, mai shagon kwano ko kwantena ya ɗauki mai sauƙi. Mai wutar sola, wanda ƙarfinsa da rana yake, ya zauna da mai kuran na gari su tsara wa zai yi yaushe.

A tsara shekara kamar yadda manomi yake tsara tasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi, lokacin zage damtse ke nan, tare da yawan sharar ƙura. Daga Maris zuwa Mayu a koma aikin dare kawai, musamman daga tsakar dare zuwa asuba, kuma a gida inda akwai mai ido a kai. Shagon da aka kulle aka tafi ba wurin barin na'ura tana aiki ba ne. Da damina kuma, in hadari ya taso a zare waya saboda tsawa.

A kuma lura cewa kowane guntun aiki yana zuwa da wa'adinsa. Wanda ya san wuta na yawan ɗaukewa a unguwarsu, kada ya tara aikin kwana goma a na'urarsa, ya karɓi ɗan kaɗan da zai iya mayarwa a kan lokaci. Haka nan dokar waɗannan shirye-shirye ce, kada mutum ya sa manhajar a kwamfutar da ba tasa ba sai da izinin mai ita. Yaron shago ya tambayi maigidansa, ma'aikaci ya tambayi shugabansa.

Yana da kyau ƙungiya ta ajiye ɗan asusu irin na adashi don sayen fanka da man shan zafi, ta kuma zaɓi mutum guda da zai riƙa zagayawa yana duba zafin na'urori sau ɗaya a wata. Ɗan ƙungiyar da ya kashe tasa saboda zafi, a yaba masa, kada a yi masa gori.

Lissafin ɗan kasuwa

Mu ƴan kasuwa ba ma shiga harka sai da alƙalami. Na'ura mai jan wat 300, idan ta yi awa 24 tana aiki, ta sha kilowat 7 da ɗoriya, wato 216 a kwana 30. Kowa ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ya ninka da farashin kilowat guda, a sefa ko a naira, zai ga abin da taimakon yake ci masa. Kwamfutar hannu mai jan wat 45, idan ta yi awa 8 kacal a kowane dare, abin da za ta sha a wata bai wuce kilowat 11 ba. Tayar da janareta musamman don neman maki kuwa, wannan ba mu ba kowa shawararsa ba, kuɗin man ya fi ƙarfin abin da ake nema. A kuma sa kuɗin intanet a lissafi, domin wasu ayyukan suna da nauyin saukewa.

Masu sayen kwamfutocin kwatano don sayarwa su ma akwai abin ɗauka a nan. Kafin a biya kuɗi, a kunna na'ura a ba ta aiki mai nauyi na minti 15, a dubi zafinta, a saurari fankarta, a shafa wajen batir ko ya tasa. Wadda ta sha wahala a hannun mai ita na farko, a nan za ta tona kanta.

Masu binciken nan amsa sahihiya suke bukata, wadda za ta riƙa zuwa a kai a kai. Kwamfutoci goma masu aiki rabi-rabi shekara guda cur sun fi musu amfani a kan goma da suka yi wata biyu suna gudun famfalaƙi sannan suka mutu. Ƙungiyar da ta fahimci haka za ta ga sunanta yana hawa sannu a hankali, kuma idan bazara ta wuce, kowa zai tarar da jarinsa yana nan yadda ya bar shi.