Ina Idon Mai Tafiya Yake Sauka a Bakin Ruwa?

A shekarar 2003 hukumar birnin Seul na Koriya ta Kudu ta fara rushe wata doguwar gadar sama da motoci ke bi a tsakiyar gari. A ƙarƙashinta akwai rafin Cheonggyecheon, wanda aka daɗe da rufe shi da kankare. Zuwa 2005 an buɗe kusan kilomita shida na rafin, aka yi masa hanyar ƙafa a gefe biyu. A taswira abin gwanin sha'awa ne, shuɗin layi ya ratsa birni. Sai dai ɗan Adam ba daga sama yake kallon gari ba, a ƙasa yake, kuma galibi cikin tafiya. Shin nawa ne daga cikin wannan ruwa yake shiga idonsa, kuma yaya za a auna shi?

Bari mu fara da idon kansa. A bayan ƙwayar ido akwai shimfiɗar da haske ke sauka a kanta, wato ratina. A tsakiyarta akwai ɗan gurbi, kuma da shi kaɗai muke ganin abu tar. Faɗin abin da wannan gurbi ke ɗauka bai wuce digiri biyu ba. Mai karatu ya miƙe hannunsa ya dubi farcen babban yatsansa: kusan iyakarsa ke nan. Sauran duk dishi-dishi ne. Don haka ido ba ya zama wuri ɗaya. Yakan tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, kamar sau uku a kowace daƙiƙa. Ƙwaƙwalwa ce ke harhaɗa waɗannan gutsattsari har mu ɗauka cikakken hoto muke gani.

Wani masani ɗan Rasha, Alfred Yarbus, ya bi sawun wannan tsalle ta hanyar manna ɗan ƙaramin madubi a kan ƙwayar ido. A littafinsa da aka fassara zuwa Ingilishi a 1967 ya nuna cewa idan aka ba mutum zane ɗaya amma aka sauya tambayar da aka yi masa, hanyar da idonsa ke bi ma sai ta sauya. Wato ido yana bin buƙatar mai shi ne.

Mutanen Yarbus a zaune suke, kansu a kafe. Tafiya kuwa tana shigo da lokaci cikin lissafi. A ce akwai tazarar mita 30 tsakanin gine-gine biyu, inda ake hango kogi. Mai tafiya a ƙasa, da ke cin kilomita biyar a awa, zai yi daƙiƙa ashirin da 'yan kai kafin ya wuce, idonsa ya sami damar tsayawa kamar sau sittin. Wanda ke cikin mota mai gudun kilomita 60 a awa ko daƙiƙa biyu ba zai cika ba. Kogi ɗaya, amma rabonsu ba ɗaya ba.

Tun 1961 wani mai zanen gine-gine a Ingila, Gordon Cullen, ya nuna cewa gari jerin hotuna ne da ke bayyana ɗaya bayan ɗaya, ya kuma zana su da hannu. A yau kyamara ake bi da ita, ana ɗaukar hoto daga tsayin idon mutum bayan kowace 'yar tazara, sannan kwamfuta ta ƙidaya kason ruwa, na ganyaye, na sararin sama da na gini a kowane hoto. Idan aka jera alkaluman sai a ga inda ruwa ya bayyana da inda ya ɓuya.

Wannan awo ya gaya mana abin da za a iya gani ne kawai, ba abin da aka kalla ba. Domin sanin na biyun, akan sanya wa mutum tabarau mai ƙananan kyamarori, ɗaya na ɗaukar gabansa, sauran na bin ƙwayar idonsa. A 2011 Tom Foulsham da abokan aikinsa a Kanada sun sa mutane tafiya sanye da irin wannan na'ura, daga baya suka nuna musu bidiyon tafiyar a zaune. Masu tafiya da ƙafarsu sun fi yawan duban hanyar da za su taka. A ganina wannan ne ya fi shafar bakin ruwa. Hanya mai ramuka, ko gaɓa marar shinge, tana cinye kallon da ruwa zai samu, domin mai gudun tuntuɓe ba ya ɗaga kai. Shi ma rafin Seul ƙasa yake da titi da 'yan mitoci, saboda haka wanda ya sauka matakala da wanda ke wucewa a mota ba abu ɗaya suke gani ba.

A yi hattara, kallo ba so ba ne. Tarin shara a kan ruwa yana jan ido kamar yadda farin balbela ke ja, na'ura kuwa ba ta san bambancin ba. Dole a bi mutum da tambaya bayan tafiyar. Hasken rana mai ƙarfi ma yakan rikita kyamarorin da ke bin ido.

Malami na iya gwada sashen farko na wannan awo da ɗalibansa a gefen kogi, dam ko kududdufin unguwa. A ɗauki hoto da waya bayan kowane taku ashirin, a aza masa takarda mai shara-shara da aka raba gida ɗari, a ƙirga gidajen da ruwa ya cika. Sannan a juyo a maimaita ta ɗaya fuskar, a kwatanta alkaluman zuwa da na dawowa.