Wa Za Ka Ba Audugarka Ya Ɗauka?

Ya ɗan'uwa manomi, ka sha wahalar audugar nan. Ka shuka ta cikin watan Yuli ko Agusta, ka yi ban ruwa, ka yi noma, ka biya kuɗin feshi, ka biya masu tsinka. Yanzu ga ta cikin buhuna a bakin hawasha. Saura abu ɗaya, watau kai ta wurin awo da gidan gurza. A nan ne mutane da yawa su kan yi sake. Mutum ya yi wata bakwai yana tsaron gonarsa, sa'an nan cikin minti biyar ya danƙa amfaninta ga motar da bai sani ba, don kawai mai ita ya rage masa kuɗi kaɗan.

Iyayenmu ba su yi wannan damuwa ba. Tun da aka gama madatsar Sinnar cikin 1925 aka buɗe gonakin Jazira, ƙaramin jirgin ƙasa ne ke bin cikin gonaki yana kwasar auduga zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa. Kamfanin Ingilishi ne ya fara riƙon aikin, sa'an nan Hukumar Jazira da ke Barakat ta karɓa cikin 1950. Manomi ya kai kayansa wurin tarawa, a auna, a rubuta, shi ke nan. A shekarun da suka biyo bayan dokar Jazira ta 2005 jirgin nan ya tsaya, aka sayar da kayansa. Yau lori ne jirginmu, kai ne kuma mai zaɓensa.

Yaƙin da ya tashi cikin Afrilu 2023 ya ƙara dagula abin. Madani ta fita hannun gwamnati cikin Disamba 2023, ba ta komo ba sai Janairu 2025. A tsakanin nan an ƙwace motoci da yawa a Jazira, hanyoyi sun lalace, kayan gyara sun yi tsada. Motar da ta shekara a ajiye sai a zuba mata mai a fito da ita, da tsofaffin tayoyinta.

Abin da na gani

Bara ina tsaye a bakin tur'a wata mota ta zo da lodin auduga, an jera buhuna har sun wuce bodi da tsayin mutum, da masu tsinka uku zaune a bisa. Gefen tur'a ya jiƙe da ruwan da ya ɓalle daga wata hawasha. Direba bai rage gudu ba. Ƙafar baya ta zame, motar ta karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ta kwanta cikin ruwa. Yaro ɗaya ya karye a cinya. Audugar ta sha ruwa da taɓo, darajarta ta faɗi a wurin awo. Da aka nemi takardar inshora sai aka tarar ta ƙare tun da daɗewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganganun da na ji da maraice. Wani ya ce ai motar nan ta taɓa fashe taya a hanyar Haj Abdallah. Wani ya ce direban ya kwana biyu bai yi barci ba. Wani ya ce mai ita ya taɓa jiƙa wa surukinsa kaya bai biya ba. Ashe ko wa yana riƙe da guntun labari, ba wanda ya haɗa su. Mai audugar kuwa bai tambayi ko wa ba.

A waɗansu ƙasashe, kamar Amurka, gwamnati na rubuta haɗarin ko wane kamfanin manyan motoci da laifin da aka kama shi da shi, mai kaya ya duba kafin ya yi ciniki. Mu a nan littafinmu yana bakin mutane, a tasha da wurin masu shayi da garejin makanikai. Aikinmu mu tattara shi mu sa a takarda.

Yadda za a yi littafin

Ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya, ku ba wanda ya iya rubutu cikin ƙungiyarku, ko da boko ko da ajami. Ko wane mai mota a ba shi shafinsa. Duk sa'ad da mota ta ɗauki kayan ɗayanku a rubuta ranar, da lambar motar, da wanda ya tuƙa, da yawan buhuna, da ko ta isa lafiya. In wani abu ya faru a rubuta shi yadda ya ke, ba ƙari ba ragi. Abin da wani ya ji daga wani a sa masa alama dabam, kada a haɗa shi da abin da aka gani da ido. Ba don ɓata sunan ko wa a ke yin littafin nan ba, in mai mota ya so ganin shafinsa a nuna masa.

To, ga inda na ke so ka natsu. Yawan haɗari shi kaɗai ba ya gaya maka kome sai ka san yawan tafiya. Ga misali. Mutum na farko yana da mota 20, sun yi sawu 600 cikin kaka, aka yi haɗari 3. Na biyu yana da mota 2, sun yi sawu 50, aka yi haɗari 1. A tasha za ka ji ana cewa na farko ya fi ɓarna, ai har sau uku. Amma yi lissafi. Na farko haɗari ɗaya ne cikin ko wane sawu 200. Na biyu ɗaya cikin sawu 50. Watau wanda ya ba na biyu kayansa ya shiga hatsari ninki huɗu. Babban kamfani sunansa ya fi yawo a baki don motocinsa sun fi yawa a hanya.

Haka kuma wanda ya zo jiya ya ce motarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Tambaye shi sawu nawa ta yi. In sawu goma ne, bai gaya maka kome ba tukuna. Faɗuwar mota ba kullum a ke yinta ba, ko lalatacciyar mota ta kan yi sawu goma lafiya. Saboda haka kada ku jira sai mota ta kife kafin ku rubuta. Ku rubuta ƙananan abubuwa: taya ta fashe, burki ya ƙi kamawa, fitila ta mutu da dare, igiya ta tsinke buhu ya faɗi, mota ta kwana a hanya. Waɗannan su kan riga babban haɗari zuwa, su ne kuma suka fi saurin cika shafi. Motar da ta fashe taya sau uku cikin wata guda ta riga ta yi maka gargaɗi.

A kuma duba irin haɗarin. Wanda aka buge shi daga baya yana tsaye dabam ya ke da wanda ya afka wa jama'a garin tsere. A duba abin da mai motar ya yi bayan abin ya faru. Ya kai mai rauni asibiti? Ya biya kaya? Ya gyara abin da ya jawo haɗarin, ko kuwa fenti kawai ya sake? Ni na fi yarda da wanda ya yi haɗari biyu ya tsaya ya biya, da wanda ya yi ɗaya ya gudu.

Direba

Tambaya guda ta fi sauran amfani: yaya a ke biyan direba? In albashi ya ke ɗauka a wata, ba abin da ke korarsa. In kuwa a kan sawu a ke biyansa, to, ko wane minti kuɗi ne gare shi, zai yi gudu, zai hana idonsa barci. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin tsinka, aiki ya kan yi yawa har waɗansu su haɗa dare da rana. Dubi idonsa. Tambaye shi inda ya kwana jiya. Tambaye shi shekara nawa ya yi da wannan motar, gama mai motar da ke sake direba ko wane wata akwai abin da ke korarsu. Ka kuma tabbata wanda ka yi magana da shi shi zai tuƙa, kada a fita gari ya miƙa wa yaron mota sitiyari.

Ka san wannan game da gudu. Motar da ke tafiya kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 ko wane daƙiƙa. Kafin direba mai gyangyaɗi ya ɗaga ƙafa ya taka burki ta wuce tsawon gida biyu. In kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka burki ya kan ninka sau huɗu. Hanyarmu ta Sinnar zuwa Madani ƙunci gare ta, mai zuwa da mai komowa kafaɗa da kafaɗa su ke wucewa, ga bas, ga amalanken jaki, ga dabbobi. Wadda ta wuce daga Madani zuwa Hartum kuwa mutane da kansu suka sa mata suna Shari'al Maut, watau hanyar mutuwa.

Mota

Ba sai ka zama makanike ba. Zagaya ta sau ɗaya kafin a fara lodi. Shafa taya da hannu, in zanenta ya shafe ko gefenta ya tsattsage, kada ka yarda. A jikin taya ta zamani akwai lamba huɗu a jere, biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Tsohuwar taya mai ƙarancin iska, da nauyi a kanta, da zafin kwalta na watan Maris, ita ce mai fashewa. Sa direba ya taka burki a gabanka, ya kunna fitilun gaba da na baya. Leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga kusa da ƙafafu.

Tsohuwar Bedford da mu ke kira sifinja ba abin rainawa ba ce. Maƙeran ƙasar nan sun ƙware wajen ƙara mata ƙarfe har ta ɗauki fiye da abin da masu ƙera ta a Ingila suka nufa. Amma ƙarfen da aka ƙara don ɗaukar kaya ba shi ke tsayar da mota ba. Tambayi abin da aka yi wa burkinta.

Babban kantar na auduga mai ƙwaya ratal 315 ne, wajen kilo 141. Kantar 7 ya kusa tan ɗaya, saboda haka motar tan biyar iyakarta kantar 35. Sai dai auduga kaya ce mai cika wuri, tun ba ta yi wa mota nauyi ba ta kan yi mata tsayi. Tsayin nan ne ke kayar da mota a kwana da gefen tur'a, musamman in baƙar ƙasarmu ta jiƙe ta zama kamar sabulu. Sau da yawa mu manoma ne ke roƙon a ƙara jeri ɗaya don mu tsira da kuɗin sawu na biyu. Laifin nan namu ne. Kada mutum ko ɗaya ya hau bisa lodi, ko da ɗanka ne mai rakiyar kaya, ya shiga gaba ko ya bi wata mota. Kada a sha taba kusa da ita, gama wuta ta kan yi ta cin cikin buhun auduga ba a gani ba.

Takardu

Nemi ganin lasin direba, ka duba ko na babbar mota ne. Nemi takardar motar da ta inshora, ka karanta ranar ƙarewarsu da idonka, ko ka ba wanda ya iya. Ka lura, inshorar da doka ta tilasta ta mutanen da mota ta yi wa rauni ce, ba ta kayan da ke cikinta ba. Don haka ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: buhu nawa, kantar nawa, wa zai biya in kaya ya jiƙe ko ya ƙone ko ya ɓace. Mai motar kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba ne?" ya ƙi fito da takarda, ka yi masa sallama da mutunci ka jira ta bayansa.

In Allah ya ƙaddara abin ya faru, a fara kai mai rauni asibiti, a sanar da 'yan sandan hanya, a karɓi Urnik 8 likita ya cika, gama da ita a ke neman hakki a gaban alƙali. Sa'an nan a komo a rubuta cikin littafi tun ba a manta ba.

Ranar da zan zo zagayen hawashoshinku ku fito mini da littafin. Za mu zauna mu ƙidaya sawu tare, mu raba da yawan abin da ya faru, mu ga shafin ko wane mai mota kafin a fara tsinka ta biyu.